Burin Zama Likita: Yadda Matashi Zai Raba Lokacinsa Tsakanin Karatu, Nishaɗi Da Abokai

A gidaje da yawa a Najeriya, ranar da yaro ya furta cewa likita yake so ya zama, daga ranar rayuwarsa take sauyawa. A ɓoye masa ƙwallo, a rage masa fita, a ƙara masa darasin yamma, 'yan uwa kuma su fara kiransa Dokta tun bai gama aji biyu na babbar sakandare ba. Iyaye da kyakkyawar niyya suke yin haka, domin kowa ya san ƙofar shiga karatun likitanci ƙunci gare ta.

Sai dai abin da masana suka gano game da yadda ƙwaƙwalwa take riƙe karatu, da kuma tsawon tafiyar da ke gaban ɗalibin, suna nuna cewa matashin da aka raba da barci da wasa da abokai shi ya fi kusa da gajiyawa tun kafin a yi nisa. Samun daidaito tsakanin littafi da sauran al'amuran rayuwa wani ɓangare ne na shirin zama likita, kuma abu ne da ake iya tsarawa.

Ƙofar shiga

Matakin farko shi ne jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO. Mai neman likitanci yana buƙatar kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jami'o'i da dama suna sharɗanta a samo su duka a zama ɗaya, ma'ana ba a haɗa sakamakon jarrabawa biyu.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda ake yi a kan kwamfuta. Ɗalibi zai amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Idan aka raba lokacin daidai, daƙiƙa 40 kowace tambaya take samu. Jimillar makin 400 ne.

A shekarar 2025, kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna wannan jarrabawa, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. A shekarar an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, amma wannan adadi bai shafi mai neman likitanci ba. A manyan jami'o'i, galibi sai wanda ya haura 250 yake sa rai, kuma ko shi sai ya tsallake tantancewar da jami'ar take yi bayan UTME.

Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarancin gurbi. Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. A jami'o'in tarayya kuma ana raba guraben ne kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa cikin waɗanda suke baya a fannin ilimi. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a yanzu 16 ne.

Tafiya ce ta shekara takwas

Dakta Russell Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Najeriya, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, sai da ya ƙetare teku zuwa Birmingham a Ingila kafin ya samu wannan ilimi. Yau akwai makarantun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Ibadan da Legas da Inugu da sauran garuruwa. Hanyar ta matso kusa da gida, amma tsawonta yana nan.

Digirin MBBS shekara shida ne. Shekarar farko ta kimiyya ce, kuma a jami'o'i da yawa wanda bai kai makin da aka gindaya ba a wannan shekarar ba ya wucewa gaba. Daga nan sai a shiga karatun tsarin sassan jikin ɗan Adam, da yadda suke aiki, da sinadaran da ke cikinsu, a rufe da babbar jarrabawar da take tankaɗe ɗalibai. Sauran shekarun a asibiti ake yin su, tsakanin ɗakunan kwanciya, ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata da sashen yara. Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sai shekarar yi wa ƙasa hidima.

Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 17 zai kai 25 kafin ya fita daga wannan layi, idan ba a samu tsaiko ba. Tsaiko kuwa yana faruwa: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Mai son ya ƙware a wani fanni, kamar tiyata ko cututtukan yara, yana da wasu shekarun horo a gaba.

Wannan lissafi shi ne ginshiƙin maganar. Ɗalibi zai iya daurewa ya yi wata biyu yana kwana a kan littafi, amma babu jikin da zai jure haka shekara takwas. Ɗabi'ar da matashi ya ginu a kai a sakandare ita zai shiga jami'a da ita, shi ya sa ya kamata ta zama irin wadda za ta ɗore.

Lissafin awa 168

Mako yana da awa 168, kuma ganin yadda suke tafiya a rubuce yakan warware gardama da yawa tsakanin iyaye da 'ya'ya. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 16 da take makarantar jeka-ka-dawo. Barcin awa takwas a kullum ya ɗauke awa 56. Makaranta da zuwa da dawowa, a ce awa 40. Islamiyya, ko kuma hidimar coci ga wadda take can, a ce awa 10. Ibada da cin abinci da wanka da aikin gida, awa uku a kullum, ya kama 21. Saura awa 41.

Idan ta ware awa biyu a kowace ranar makaranta da awa uku-uku a ranakun Asabar da Lahadi don karatun kanta, awa 16 ke nan. Har yanzu akwai awa 25 da ba a taɓa ba. A cikinsu ne ziyarar ƙawaye da wasa da ɗinki da hira da 'yan gida za su samu wuri, ba tare da an ci haƙƙin littafi ba.

Ba kowane gida ne lissafin yake fitowa haka ba. Akwai yaron da yake tsaron shago bayan an tashi makaranta, akwai mai zuwa gona da damina, akwai yarinyar da girki da raino da ɗiban ruwa suke kanta. Rashin wutar lantarki ma yakan rage awannin dare. A irin waɗannan gidaje, taimakon da iyaye za su fi yi shi ne su ɗauke wa ɗalibin wani aiki na awa ɗaya ko biyu a kullum, musamman a zangon jarrabawa, su raba shi ga sauran 'yan gida. Wannan ya fi hana shi fita amfani.

Inda awannin suka fi zubewa a yau shi ne waya. Minti goma a TikTok ko WhatsApp yakan koma awa biyu ba a ankara ba. Yawancin wayoyin zamani suna nuna adadin lokacin da aka shafe a kowace manhaja, kuma duba wannan adadi sau ɗaya a mako ya isa ya nuna wa matashi inda lokacinsa yake tafiya. Ɗalibin da ya ajiye waya a wani ɗaki yayin karatu yakan gama cikin awa ɗaya abin da a da yake ɗaukar masa biyu.

Barci da maimaitawa

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 ya riƙa samun barcin awa takwas zuwa goma a kullum. Dalilin ya shafi karatu kai tsaye, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana, ta adana shi inda zai daɗe. Ɗalibin da ya kwana yana haddar Kemistiri ya hana ƙwaƙwalwarsa lokacin da za ta adana haddar, sannan ya shiga aji washegari yana gyangyaɗi.

A shekarun balaga agogon jiki yakan ja baya, barci ya riƙa zuwa a makare, hasken waya da dare kuma yana ƙara jinkirta shi. Ga wanda zai tashi da asuba, hakan na nufin dole ya sa wa kansa lokacin kwanciya, ya cike giɓin da ɗan barcin rana idan hali ya yi. Shan kofi mai yawa ko abin sha mai ƙara kuzari don a raba dare yana jinkirta gajiyar ne zuwa gobe. Ƙwayoyin da wasu ke miƙa wa ɗalibai da sunan maganin hana barci kuwa sun kai matasa da dama ga shaye-shaye.

Hanyar karatun ita ma tana da tasiri. Tun a 1885 masanin nan na ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yana mance kaso mai yawa na abin da ya haddace cikin kwanaki kaɗan, amma idan ya riƙa komawa kansa lokaci bayan lokaci, mantuwar tana raguwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya, inda ba a barin tsohon karatu saboda sabo, kullum sai an yi tilawar na baya. Haka Bayoloji da Fiziks suke so: minti 30 sau huɗu a mako a kan darasi ɗaya ya fi awa biyu a zama guda.

Abu na biyu shi ne gwada kai. Rufe littafi a yi ƙoƙarin tuno abin da aka karanta, ko amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gefe, ya fi sake karanta shafi sau biyar tasiri. Tunda daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya a UTME, kuma a kan kwamfuta ake yi, ɗalibin da bai saba da kwamfuta ba yana buƙatar ya nemi inda zai yi gwaji tun da wuri. Hukumar JAMB kanta tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi.

Wasa da sana'ar hannu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin awa ɗaya a kullum. Ƙwallon yamma a filin unguwa, langa, tuƙa keke, ko tafiya a ƙafa zuwa makaranta duk suna cikin lissafin. Motsa jiki yana rage damuwa, yana gyara barci, kuma mai barci mai kyau ya fi natsuwa a aji.

Sauran abubuwan nishaɗi ma suna da abin da suke koyarwa wanda likita yake buƙata. Yarinyar da take ɗinki ko saƙa, da yaron da yake ɗinkin hula ko gyaran waya, suna horar da hannu da ido kan aiki mai buƙatar natsuwa. Mai zane zai samu sauƙi ranar da aka ce ya zana zuciya da jijiyoyinta. Ɗan ƙungiyar muhawara ko wasan kwaikwayo a makaranta yana koyon tsayuwa gaban mutane ya yi bayani, abin da za a nema daga gare shi a jarrabawar baka da kuma gaban majiyyaci. Mai karanta littattafan labarai na Hausa da Turanci yana faɗaɗa kalmominsa, kuma tambayoyi 60 na Turanci suna jiransa a UTME.

Ba dole ne kowane abin nishaɗi sai ya zama yana da alaƙa da likitanci ba. Kiwon tantabara ko dara da abokai sun wadatar idan suna sa zuciya ta huta. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, masanin haɗa magunguna ne da ya yi karatu a Yaba da Landan, amma rubutun da yake yi a gefe shi ya sa duniya ta san shi.

Ƙa'idar ita ce a zaɓi abu ɗaya ko biyu, a ba su lokaci sananne, a rage su idan jarrabawa ta gabato ba tare da an yanke su gaba ɗaya ba. Wanda yake buga ƙwallo sau huɗu a mako zai iya komawa sau ɗaya a watan jarrabawa.

Abokai

Hausawa suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wannan ne tsoron iyaye. Tsoron yana da tushe. Ta hannun abokai ake fara jin labarin cibiyoyin da ake sayar da amsa, ta hannunsu ake fara ɗanɗana abin maye. Satar amsa laifi ce a dokar Najeriya, hukumomin jarrabawa suna soke sakamako a kanta, kuma ko ba a kama mutum ba, shekarar farko ta jami'a takan tona asirin makin da ba a yi wa aiki ba.

Amma raba matashi da abokai gaba ɗaya yana da nasa haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna kan gaba. Matashin da ba shi da wanda zai faɗa wa abin da ke ransa ya fi shiga wannan hali, musamman idan dukan gida sun ɗora burinsu a kansa.

Aboki yana da amfani ko a fannin karatu. Rukunin mutum uku ko huɗu da suke haɗuwa sau biyu a mako, kowa ya koyar da darasin da ya fi ganewa, yana fito da giɓin da mutum ba zai gani shi kaɗai ba, domin wanda ya kasa yi wa abokinsa bayanin abu bai gama fahimtarsa ba. Haka ɗaliban likitanci suke karatu a jami'a, kuma aikin asibiti kansa aikin taro ne, tsakanin likita da ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da masu gwaje-gwaje.

Ba kowane aboki ne zai zama abokin karatu ba, kuma babu laifi a hakan. Abin da ake dubawa shi ne ko yana girmama lokacin ɗalibin. Wanda aka ce masa sai ranar Asabar ya ce to, aboki ne. Wanda ya mayar da karatun abin ba'a, ko yake fushi idan ba a zauna majalisa har dare ba, shi ne ya kamata a ja baya da shi a hankali.

Burin wane ne?

A 1948 Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan da tallafin karatu don ya karanci likitanci. Bayan shekara ɗaya ya bar fannin ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini, ya rasa tallafin, 'yan uwansa suka taimaka da kuɗin makaranta. Shekara goma bayan shigarsa jami'ar ya fitar da littafin da ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi karantawa daga nahiyar Afirka.

Darasin da ke cikin wannan ga iyaye shi ne su tabbatar burin na yaron ne. Maki mai kyau a kimiyya ba shi kaɗai ne alamar likita ba. Yana da kyau matashi ya zauna da likita ko ɗalibin likitanci a cikin dangi ko unguwa, ya ji yadda aikin kwana yake, da ganin jini, da sanar da iyali rasuwar ɗan uwansu. Shiga ƙungiyar agaji ta makaranta, kamar ta Red Cross ko 'yan agajin masallaci da coci, yana ba shi damar gwada kansa. Wanda ya ga waɗannan ya ce har yanzu yana so, ya fi samun juriyar shekara takwas.

Akwai kuma alamomin da bai kamata a yi watsi da su ba: rashin barci na makonni, ƙin cin abinci, yawan kuka ko fushi, janyewa daga mutane, ciwon kai da faɗuwar gaba duk lokacin da aka ambaci jarrabawa, ko furucin da ke nuna yaro ya gaji da rayuwa. Idan aka ga haka, faɗa da ƙarin darasi ba su ne magani ba. A zauna da shi, a sanar da malamin da yake ba ɗalibai shawara a makaranta, a kai shi asibiti idan abin ya ci gaba.

Idan ba a samu gurbi ba

Tunda masu nema sun ninka guraben da ake da su, dole a samu haziƙan da ba za su shiga a karon farko ba. Gidan da ya tattauna wannan tun kafin sakamako ya fito ya rage wa ɗansa nauyi mai yawa. Akwai damar sake zama UTME a shekara mai zuwa. Akwai shirye-shiryen IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, da JUPEB, waɗanda suke ba mai sakamako mai kyau damar neman shiga kai tsaye a aji biyu na jami'a. Akwai kuma fannonin jinya, ungozoma, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton cikin jiki da gashin ƙashi, waɗanda babu asibitin da zai tsaya ba tare da su ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Abin da matashi mai wannan buri zai iya yi a wannan makon shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta awanninsa 168, ya fara sa barci da ibada da makaranta, ya sa lokacin karatu, sannan ya rubuta ranar ƙwallo da ranar ziyarar aboki kamar yadda ya rubuta ranar Fiziks. Daga nan ya nuna wa iyayensa, su gyara tare, a liƙa ta inda kowa a gidan zai gani.